Hanyar Ƙarfe a Bakin Bahar Rum: Me Mutum Yake Saye Idan Ya Ɗauki Jagora?



An nemi in yi magana a kan wani irin hawan dutse da masu hutu ke yi a ƙasashen Turai, wanda Italiyawa suka raɗa wa suna Biya Ferata, watau hanya mai ƙarfe. Na san wasunku sun zo ne domin su ji labarin wauta, yadda mutum da hankalinsa zai biya kuɗi ya je ya maƙale a jikin dutse, teku tana ruri a ƙarƙashinsa. Ba zan hana kowa dariya ba. Abin da nake so in nuna shi ne, yawancin masu biyan kuɗin nan ba su san abin da suka saya ba. Suna zaton sun sayi igiyar da za ta sa faɗuwa ta zama wasa, alhali kuwa ba a sayar da irin wannan igiya a ko'ina.

Tsarin hanyar ba shi da wuyar fahimta. Ana kafa turakun ƙarfe a jikin dutse, tazarar 'yan mitoci tsakanin wannan da wancan, sa'an nan a ɗaura igiyar ƙarfe mai kaurin yatsa ta bi su tun daga farko har ƙarshe. Inda dutse ya yi santsi a kafa matakala, inda ya rabu biyu a yi gada ta waya. Mai hawa yana sa hular kwano, ya ɗaura ɗamara wadda ke kama ƙugu da cinyoyi. Daga ɗamarar igiya biyu suka fito, kowacce da ƙugiya mai murfi a bakinta, su ne yake maƙalawa a igiyar ƙarfe yana jan su gaba. Idan ya iso turke sai ya cire ƙugiya ɗaya ya ƙetarar da ita, ya tabbata ta rufe, kana ya cire ta biyun. Dokar farko ke nan, kada ƙugiyoyin nan su taɓa barin waya a lokaci ɗaya.

Abin ya daɗe. Tun shekarar 1843 aka kafa ƙarafa da igiyoyi a dutsen Dachstein na ƙasar Ostiriya, bisa shawarar wani masanin ƙasa mai suna Friedrich Simony. Amma wurin da hanyar ta yi suna shi ne duwatsun Dolomite, inda sojojin Italiya da na daular Ostiriya da Hangari suka yi ta gwabzawa daga 1915 zuwa 1917. Can aka kafa tsani da wayoyi domin a kai harsashi da abinci ga mutanen da ke zaune a kan tsauni cikin ƙanƙara, kuma a watan Disamba na 1916 zaftarewar ƙanƙara kaɗai ta binne dubban sojoji. Bayan yaƙi ƙungiyoyin masu hawan dutse suka gyara wasu daga cikin hanyoyin, suka ƙara sababbi. Hanyar da aka tilasta wa kurtu ya bi da dare yana ɗauke da kaya, yau akawu ne yake biya domin ya bi ta da kyamara.

Wadda ni na gwada ba a tsauni take ba. Tana garin Sant Feliu de Guíxols, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, kimanin kilomita 100 arewa maso gabas da Basalona. Gaɓar tekun nan ita ake kira Costa Brava, watau gaɓa mai tsauri, sunan da wani ɗan jarida, Ferran Agulló, ya ba ta a 1908. Garin ya yi arziki a da da sana'ar yin toshiyar kwalba daga ɓawon itace, kuma wani abin sha'awa, ƙofar tsohon gidan ibadarsu Porta Ferrada ake ce mata, ƙofa mai ƙarfe, kalma ɗaya da ta hanyarmu. Ita hanyar tana wani lungun teku mai suna Cala del Molí. Tsawonta bai kai rabin kilomita ba, kuma ba sama take miƙewa ba, zagaya dutsen take yi a gicciye, mutum yana tafe kamar ƙadangare a jikin garu. Dutsen irin na Kufena ne, mai tauri da kaushi, sai dai ya fi shi ja. An kasa ta biyu, kashi na farko mai dama-dama, na biyu mai cin hannu, da mafita a tsakaninsu ga wanda ya ga ya isa.

To, yanzu ina roƙon 'yan'uwa na sashen kimiyya su yi mini haƙuri, zan yi musu kutse. Masana suna auna munin faɗuwa ta hanyar raba tsawon faɗuwar da tsawon igiyar da ta tare mutum. Alal misali, mai hawan dutse da doguwar igiya, idan ya faɗi mita 4 alhali igiyar da ke tsakaninsa da mai riƙe shi mita 20 ce, lissafi ya ba da ɗaya bisa biyar. Igiyar tana da tsawon da za ta miƙe ta shanye fizgar, sai ya yi lilo ya tashi yana dariya. A irin wannan hawa lissafin ba ya wuce 2, komai munin faɗuwar. Amma a hanyar ƙarfe igiyarka kimanin mita ɗaya ce. Idan ka suɓuce a inda waya ta miƙe tsaye, ƙugiyoyinka za su zame tare da kai har sai sun daki turken da ke ƙasa. A ce mita 5 ke nan a kan igiya mai mita ɗaya, lissafi ya ba da 5. Ƙashin bayan ɗan Adam ba ya ɗaukar wannan, ita kanta igiyar ba lalle ta ɗauka ba. Hanyar da aka ce ta koyo ce, faɗuwarta ta fi ta gwanaye muni.

Maganin da aka yi wa wannan shi ne wata 'yar jaka da ke tsakanin ɗamara da igiyoyin biyu. A cikinta akwai ƙyalle mai ƙarfi wanda aka ninka aka ɗinke, idan fizga ta zo sai ɗinkin ya yi ta farkewa yana rage mata ƙarfi. Ƙa'idar Turai da aka sabunta a 2017 ta ce lalle jakar ta yi aiki ga mai nauyin kilo 40 zuwa 120, kuma abin da zai isa jikin mutum kada ya wuce kwatankwacin nauyin kilo 600. Ku dubi wannan adadi da kyau. Buhun masara shida ke nan a ƙugunka lokaci ɗaya, kuma wannan shi ne idan komai ya yi aiki daidai. Ban da haka ga matakalan ƙarfe da gwiwa da haƙarƙari za su daka a kan hanya. Jakar tana ceton rai ne sau ɗaya, daga nan sai a jefar da ita, shi kuwa mai ita sau da yawa sai an zo an sauko da shi. Yaron da bai kai kilo 40 ba ma nauyinsa ba zai farke ɗinkin yadda ya kamata ba, shi ya sa ake ƙara masa wata igiya a hannun babba.

Ita ma wannan ƙa'ida da rai aka saye ta. A watan Agusta na 2012 wani matashi ya rasu a yankin Tirol na Ostiriya bayan igiyoyinsa biyu sun tsinke gaba ɗaya. Bincike ya nuna cewa wasu igiyoyi masu roba a ciki, yawan miƙewa da tsukewa yana cinye zaren da ke ɗaukar nauyi, musamman kayan haya da ke wucewa daga hannu zuwa hannu kullum. Kamfanoni da dama suka janye kayansu daga kasuwa. Mai hutu kuwa, in kun lura, kusan kullum kayan haya yake sawa.

Mu shida jagoranmu ya ɗauka, da sassafe kafin rana ta gasa dutse. Bai bar kowa ya taɓa hanyar ba sai da ya ja ɗamarar kowa da hannunsa, ya sa muka yi ta cire ƙugiya muna mayarwa a wata waya da ke ƙasa har hannu ya saba. Ya ce mutum ɗaya tak tsakanin turke da turke, domin in na gaba ya faɗo kada ya tafi da na baya. Mitoci goman farko su ne masu wuya. Ƙafa tana kan ƙarfen da bai fi faɗin tafin hannu ba, in ka dubi tsakanin ƙafafunka sai ka ga ruwa garai-garai har duwatsun ƙasansa, yana shiga kogo yana fitowa da kumfa. Mu da muka tashi nesa da teku, motsin nan kaɗai ya isa ya sa kai juyawa. A kan gadar waya abin ya ƙaru, waya ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, sauran a hannu, kowane taku sai ta amsa. Can sai tsoro ya lafa, domin hankali ya tattaru a kan ƙugiya biyu da turke na gaba, babu sauran wurin tunanin komai. Ina jin wannan natsuwar ce take mayar da mutane can.

A mafitar tsakiya ne na ga abin da muka biya. Akwai wani ƙaƙƙarfan mutum a cikinmu, ya fi kowa ƙwanji, shi jagora ya ce ya fita ya jira mu a sama. Wata mata kuwa da ta girme shi nesa ba kusa ba, ya ce ta wuce. Mutumin ya ji haushi, ya yi ta magana. Jagora ya ce masa ya buɗe ƙugiya da hannu ɗaya a gani, sai ga yatsu suna karkarwa. Tun farko da hannu yake ta jan jikinsa, ya rungume waya, ita kuwa matar nauyinta a kan ƙafa yake, hannu miƙe, tana hutawa a kan gajeriyar igiya duk inda aka ce a huta. Kashi na biyu yana da wuraren da dutse ya turo ciki waje, nauyin mutum ya koma hannu, kuma daidai nan ne ake bukatar sakin hannu ɗaya domin ƙetarar da ƙugiya. Wanda ƙarfinsa ya ƙare a irin wannan wuri ba ya iya gaba, ba ya iya baya. Jagoran ya hango haka tun rabin sa'a kafin shi mai jikin ya sani. A ganina jagoran da ba ya iya ce wa wanda ya biya shi kuɗi “a'a” bai cancanci kuɗin ba.

Saura maganar ƙarfen kansa, wadda ita ce ta bambanta hanyar bakin teku da ta tsauni. Gishiri maƙiyin ƙarfe ne. Baƙin ƙarfe yana yin tsatsa a fili, kowa ya gani ya kiyaye. Farin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa shi ne mai yaudara, domin inda gishiri da zafi da nauyi suka haɗu yakan tsage daga ciki, waje kuwa yana ta ƙyalli, a yi ta yi wa rogo kallon kitse. A duwatsun bakin teku na kudancin Tailan an sami ƙusoshin hawa irin waɗannan suna karyewa da nauyin mutum kawai, har masu hawa suka koma amfani da wani ƙarfe mai tsada da ake kira taitaniyam. Bahar Rum bai kai can zafi da laima ba, amma guguwar gabas tana jifan gaɓar Kataloniya da raƙuman ruwa, kamar wadda aka kira Gloria a watan Janairu na 2020. Saboda haka dole wani ya riƙa bin turakun nan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, dole kuma wata hukuma ta ware kuɗin canza su, ta rufe hanyar in ta kama ko da masu otal za su yi ƙorafi. Ku da za ku zauna a kan fayil ɗin gyara wata rana, ga irin abin da yake rataye a jikinsa. Baƙon da ya zo jiya ba shi da hanyar sanin yaushe aka duba. Jagoran da ke bin wurin kullum ya san turken da ya fara motsi, ya san iskar da in ta juyo ba a shiga, ya kuma san cewa in hadari ya haɗo wayar nan jan tsawa take yi. Da ɗan gari akan ci gari.

Yawancin hanyoyin nan ba a tilasta wa kowa ɗaukar jagora, kana iya hayar kaya ka shiga kai kaɗai, kuma a lokacin zafi za ka ga masu yin haka jere a kan waya suna jiran juna cikin rana. Wanda duk hanya ta kai shi can, taro ne ko karatu ko hutu, ya nemi ganin takardar shaidar jagora, ya tambayi shekarun kayan da za a ɗaura masa, ya dubi 'yar jakar nan ko an taɓa farke ta. Hanyoyin suna da daraja, a wani tsarin daga A zuwa E, a wani daga K1 zuwa K6, sabon shiga ya tsaya a biyun farko. Ya tafi da ruwan sha da safar hannu da takalmi mai kama ƙasa. Inshorar tafiya da ake nema wajen ba da biza ta Turai, wadda doka ta ce kada ta gaza Yuro 30,000, sau da yawa ba ta haɗa da hawan dutse ba, sai a karanta ƙananan rubutun da ke jikinta tun a gida. Lambar neman agaji a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Na zo da ɗamara da ƙugiyoyin, ga su nan a kan tebur, wanda yake so ya zo ya gwada buɗe su da hannun hagu bayan an gama tambayoyi.