Shirin Haihuwa Tun Kafin Naƙuda



In ciki ya kai wata 8, maigida ya tanadi kuɗin mota, ya san direban da zai tasa ko da tsakar dare ne. In zai ƙetara Ƙonni fatauci, ya bar wa iyalinsa izinin fita. Mace ta riƙa zuwa awo, ta ajiye sabulu da sabuwar reza da wankakken zane.

In naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama ta, a kai ta babban asibitin Illela nan take. Kada a yi yankan gishiri. Shi da doguwar naƙuda su ke kawo yoyon fitsari.

Allah ya sauki matanmu lafiya.