Daga Gwaram Zuwa Kazaure



A da, wanda ya samu taɓin hankali mari ake sa masa a ƙafa, a garƙame shi a ɗaki. Tsohuwar dokar Turawa ma tsarewa ta sani, ba jinya ba. Sai a 2023 aka sa hannu kan sabuwar doka mai kare haƙƙinsa.

To, Jigawa tana da asibitin masu taɓin hankali, amma a Kazaure yake. Daga Gwaram sai ka ratsa Kano. Da nisa, jama'a, da nisa ƙwarai.

Gwamnati, a kawo likitocin da magungunansu kudancin jihar. Iyaye, kafin nan, ku fara kai mara lafiya asibitin tarayya na Birnin Kudu.