Lakar da Kogi Ke Kai wa Teku

 

Duk wadda aka taɓa kawo wa ruwan rafi da damina ta san shi ja wur yake zuwa. In kin zuba a randa ya kwana, da safe sai ki tarar ya yi garau, laka ta kwanta a ƙasa. To, wannan lakar da muke zubarwa ita ce zancenmu na yau, domin akwai ƙasashen da ita ta gina su.

Ku zo mu leƙa Masar. Kafin Kogin Nilu ya faɗa Bahar Rum, yakan rarrabu, ya shimfiɗa wata makekiyar fadama. Irin wannan wuri shi ake kira delta. Shekaru dubbai kogin yana kawo laka daga tsaunukan Habasha, sama da tan miliyan 100 a kowace shekara. Wata ta kwanta a gonaki ta zama taki, wata ta isa bakin teku ta cike gurbin abin da igiyar ruwa ta kwashe.

Sai aka gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, aka kammala ta a 1970. Ta kawo lantarki, ta tsare ambaliya, an samu noman rani. Amma fa madatsa randa ce babba. Ruwa ya tsaya, laka ta kwanta a Tafkin Nasser, sai tatacce ke wucewa.

Teku kuwa bai daina ɗiba ba. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, kun san ƙarshensa. A bakin kogin kusa da garin Rashid, teku ya ci ƙasa har sai da aka gina katangun duwatsu don tare shi. Ruwan gishiri yana kutsawa cikin gonakin gaɓar teku. Manoma sun koma sayen takin zamani. Kifin sadin da ake kamawa, wanda ya kai kimanin tan 18,000 a 1962, ya faɗi ƙasa da tan 1,000 cikin 'yan shekaru bayan an tare kogin, don abincinsa ya daina zuwa.

Kada mu ce abin na nesa ne. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 a kan Kogin Kwara take, ita ma tana riƙe lakar da a da ke gangarawa Neja Delta. Masu kwasar yashi a koguna su ma suna rage rabon na ƙasa.

Don haka in kin ji maigida na zancen sabuwar madatsa, ki tambaye shi: an yi tunanin mutanen da ke ƙarshen kogin kuwa? Ki kuma nuna wa yara gindin randa, ki ba su wannan labari.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.