Ajiyar Man Fetur da Kananzir a Cikin Gida

Maganarmu ta yau a kan man fetur da kananzir ce, da wurin da a ke ajiye su. Ina magana musamman da ku mutanen ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, masu gida da uwayen gida, da samari masu babur, da masu injin niƙa da injin ban-ruwa.

Bari mu fara da inda man ya ke fitowa. Shekaru da yawa yawancin fetur ɗin da mu ke ƙonawa a jirgin ruwa a ke kawo shi, a sauke a Ikko. A can bakin teku, a Apapa da Ijegun, akwai manya-manyan tankuna na ƙarfe, kowane ɗaya ya fi gidan sama girma, a jere kamar rumbuna. An buɗe matatar mai a Kaduna cikin 1980, aka kuma gina ma'ajiya a Gusau domin wannan sashe namu. Tun 2024 kuma matatar Ɗangote da ke Lekki ta soma fitar da fetur. Ko daga ina ya fito, a bayan motar tanki ya ke iso mana, ta biyo ta Mayanci zuwa Anka, ta wuce Ɗaki Takwas har Gummi.

Mutanen da ke maƙwabtaka da waɗannan tankuna ba su ji da daɗi ba. A Apapa an yi shekaru motocin tanki suna toshe hanya, har mai ciwo ya kasa isa asibiti. Mazauna Ijegun sun daɗe suna kuka a kan warin mai, da lalacewar hanyoyinsu, da tsoron gobara. Tsoron nan kuwa ba na banza ba ne. A daren 17 zuwa 18 ga Disamba 2023 babbar ma'ajiyar mai ta Konakiri, babban birnin ƙasar Gini, wadda ke kusa da tashar jiragen ruwa, ta kama da wuta ta fashe. Mutum fiye da 20 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni, rufin gidajen unguwa ya kwashe, aka rufe makarantu, ƙasar duka ta shiga wahalar mai.

To, wani zai ce, ina ruwan mutumin Bagega ko na Gwashi da tankin bakin teku? Mu ko teku ba mu taɓa gani ba. Gaskiya ne. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tankin Ikko yana da katanga, da masu gadi, da motar kashe gobara, duk da haka ya kan yi ɓarna. Mu kuwa namu tankin jarka ce a ƙarƙashin gado, ko duro a zaure, ko kwalabe a jere bisa tebur a bakin hanya, kusa da mai suyar ƙosai. Gidan mai ya yi wa ƙauye nisa, kuɗin mai ya hau tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023, saboda haka wanda ya samu sai ya saya da yawa ya ɓoye. Ba na ganin laifin mutum don ya yi tanadi. Wurin ajiyar ne abin dubawa. A Seme, bakin iyakar Nijeriya da Benin, wani ɗakin ajiyar fetur na 'yan bumburutu ya kama wuta a watan Satumba 2023, mutum fiye da 30 suka halaka.

Ku mutanen wannan yanki ba sai an yi muku dogon bayani a kan abin da a ke shigo da shi gida don neman abinci ya koma ya cuci yara ba. Cikin 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga a 'Yargalma da Dareta. Aka bincika, aka ga dutsen zinariya da a ke daka da niƙawa a tsakar gida yana ɗauke da gubar dalma. Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru duk abin ya shafe su. Yara fiye da 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aka yi mata wannan aiki. Dattawa suka hana niƙa dutse a cikin gari. Irin wannan shawarar ce na ke so a yi a kan fetur.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kama wuta ba, tururinsa ne. Da an buɗe jarka sai ya riƙa tashi, ko da sanyin hunturu ne. Ido ba ya ganinsa, kuma ya fi iska nauyi, watau ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya ya ke yi a ƙasa ya riƙa malala kamar ruwa. Ya kan bi ta ƙarƙashin ƙofa ya tafi har murhu, ko wajen fitilar aci-balbal, ko garwashin turaren wuta da uwargida ta ajiye a ƙuryar ɗaki. Da ya taɓa wuta sai wutar ta biyo shi da gudu ta komo har bakin jarka. Shi ya sa za ka ji an ce, wallahi wutar tana can nesa, ba mu san yadda aka yi ba. Ga yadda aka yi. Da bazara abin ya fi muni, domin zafi yana kumbura mai. Jarkar da aka cika fal da safe, aka bar ta a ɗakin kwano, kafin azahar ta yi ciki tana tsiyaya ta murfi.

Wannan tururin ne ya kashe jama'a a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba 2024, sa'ad da motar tanki ta faɗi, mutane suka taru da bokiti suna kwasa. Fiye da 150 suka rasu. Bayan wata uku, a Janairu 2025, aka sake yin irinta a mararrabar Dikko ta Jihar Neja. Kadan ka ga motar mai ta faɗi, kada ka tsaya kallo ma. Ka ja yaranka ku yi nisa, ku bi ta inda iska ke fitowa, kada wanda ya tada babur a kusa.

In wutar fetur ta tashi, kada a watsa mata ruwa. Mai yana tasowa bisa ruwa, sai ruwan ya ɗauke shi da wutarsa ya kai inda da ba ta kai ba. Yashi ko ƙasa a ke zubawa. Duk mai sayar da mai ya kamata a ga bokiti biyu na yashi kusa da shi. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga da gudu, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo.

Wanda ya ƙone kuwa, shi ne ke bukatar ruwa. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi a kan ƙunar har kamar minti 20. A cire zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba. Tufar da ta manne da fata a bar ta. Kada a fasa bororo. Ɗanyen ƙwai, da gishiri, da kashin shanu, da baƙin mai, da man goge haƙori, duk ba magani ba ne, ƙazanta su ke ƙara wa ciwo, malamin asibiti kuma sai ya sha wahalar wanke su kafin ya fara aikinsa, mai ciwo yana kuka. A rufe da tsumma wankakke, a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa in yana cikin hankalinsa, a kai shi disfensare. In ƙunar ta yi faɗi, ko ta taɓa fuska ko hannu ko al'aura, ko kuwa yaro ne ƙarami, a wuce da shi babban asibitin Anka ko Bukkuyum ko Gummi.

Yanzu ina so uwayen gida su matso kusa. Yaro mai shekara biyu ba ya karatu, kwalba ya sani. In ya saba ganin lemo ko ruwa a cikin gora, ran da ya ga kananzir a irin wannan gora zai ɗauka ya kafa kai. Abin da a ka saba yi shi ne a sa masa yatsa a maƙogwaro, ko a ɗura masa manja ko nono don ya yi amai. Ina roƙonku don Allah ku bar wannan. Kananzir da ya sauka ciki ba kasafai ya kan kashe ba. Wanda ya shiga huhu shi ne mugun, ko da ɗan kaɗan ne, amai kuwa shi ne ke komo da shi maƙogwaro ya zarce hanyar numfashi. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a zaunar da shi, a kai shi asibiti nan da nan. Ko ya tashi yana wasa a kai shi, domin tari da haki da zazzaɓi su kan zo bayan sa'o'i. A tafi da gorar, malami ya ga abin da ya sha.

Samari masu zuƙo mai da tiyo a baki, haɗarinku ɗaya da na yaron nan. Banda wannan, akwai wani sinadari cikin fetur da a ke kira benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana ɓata ɓargo, har ya kan jawo sankarar jini ga wanda ya daɗe yana shaƙarsa. A da har dalma a ke zuba wa fetur, amma an daina, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe, cikin 2021. Benzin kuwa yana nan. Kada ka wanke hannu da fetur, kada ka kwana ɗaki ɗaya da jarka. Ciwon kai da jiri da ka ke tashi da su da safe, wataƙila daga nan su ke.

Saura rijiya. Man da ya zube ba ya ɓacewa, ƙasa ke shanye shi, damina ta tura shi ƙasa har ya tarar da ruwa. Kaɗan ya isa ya ɓata rijiya, kuma tafasawa ba ta mai da ruwan abin sha. Masu noman rani a fadamun gulbin Zamfara, kada ku juye baƙin man inji a bakin ruwa, ku tara shi a gwangwani. Jarka ko duro da aka taɓa zuba mai ba ta koma ta ruwan sha, kome wankin da aka yi mata.

Wanda tilas ne ya ajiye mai, ya yi masa 'yar rumfa dabam a bayan gida, a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da madafa da rijiya da ɗakin kwana. Ya ɗora jarkar bisa yashi, ya bar ɗan sarari a wuyanta, ya ɗaure murfi, ya sa kwaɗo. Da rana a ke awon mai, ba da fitila ba, kuma sai an kashe inji ya huce a ke ƙara masa. Masu sayarwa da yawa, uban ƙasa ko hakimi ya zauna da masu unguwa da malamin tsabta a yanka musu wuri a gefen gari, kada ya haɗu da makarantar allo ko layin masu tuya. In kun zo disfensare ku gaya wa malami inda ku ke ajiye naku, zai zo ya duba wurin tare da ku.