Ginin Tantanin Haske a Jikin Bakteriya Masu Launin Shunayya, da Abin da Yake Nufi a Ranar Abuja



Wanda ya ga kududdufin bayan mahauta ya yi jawur ko ya koma shunayya, zai ɗauka jini ne. Wani lokaci bakteriya ne masu rayuwa da hasken rana. Tun 1931 C. B. van Niel ya nuna cewa suna haɗa abinci da haske ba tare da sun fitar da iskar oksijin ba, saɓanin ganyen tsiro. Suna cinye dattin ruwa, kuma furotin kan kai fiye da rabin busasshen nauyinsu, shi ya sa masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka daɗe suna gwada su wajen tace ruwan ƙazanta da haɗa abincin kifi. Abin da nake so in kafa a yau shi ne: duk mai niyyar noma su a Abuja sai ya san jerin da furotin ke bi wajen gina tantaninsu na kama haske, domin wannan jerin ke hukunta saurin girmansu, kuma ido kan yaudari mai dubawa.

Mu ɗauki Rhodobacter sphaeroides, wanda aka fi nazari a kansa. Idan oksijin ya wadata, ƙwayar takan kasance a koɗe. A 1957 Germaine Cohen-Bazire da William Sistrom da Roger Stanier suka nuna cewa oksijin na hana launin fitowa, ƙarancin haske kuma na ƙara shi. Da zarar iskar ta ragu, tantanin ciki sai ya fara lotsawa, yana yin 'yan jakunkuna masu faɗin kimanin nanomita 50. A jikinsu akwai cibiyar da ke mayar da haske lantarki, irin wadda gano siffarta ya jawo wa Deisenhofer da Huber da Michel kyautar Nobel a 1988. Zoben eriya mai suna LH1, mai kama haske a nanomita 875, shi ke kewaye da ita. Daga waje kuma akwai ƙananan zobba, LH2, masu kamawa a 800 da 850, waɗanda aka fayyace siffarsu a Glasgow a 1995. Sai sitokurom bc1 da injin haɗa ATP.

Waɗannan ba sa zuwa lokaci guda. Tun 1979 Robert Niederman na Jami'ar Rutgers a Amurka ya lura cewa idan aka farfasa ƙwayoyin aka juya su da ƙarfi cikin ruwan sukari, wani siririn layi mai launi yakan tsaya a sama, nesa da jakunkunan da suka nuna. Ya ce nan ne bakin gini, inda lotsawar ke farawa. Da shi da Kamil Woronowicz suka tantance furotin ɗin layin a 2010, sai suka tarar da cibiyoyi da LH1 tare da furotin masu aikin harhaɗawa, LH2 kuwa kaɗan. Wato ƙwayar takan kafa cibiya tukuna, sannan ta bi ta cusa LH2 gwargwadon duhun da take ciki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farashin wannan cusawa: yayin da LH2 ke cika tantanin, juyawar lantarki a kowace cibiya na raguwa. Bayanin da suka bayar shi ne cunkoso. Sinadarin kwinon, mai dakon lantarki daga cibiya zuwa bc1, ya zama kamar mai turin baro a Kasuwar Wuse ranar jajibirin Sallah: kaya sun yi yawa, hanya ta toshe.

Ga inda zancen ya shafe mu. Abuja na kan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, ranar watan Maris kuwa ba ta wasa. Ƙwayar da ke saman ruwa ba ta buƙatar eriya mai yawa. Amma in tafkin ya yi zurfi, ko ƙwayoyin suka yi kauri har na sama suka yi wa na ƙasa inuwa, ko hazon hunturu ya rufe sararin sama, za su shiga gina LH2, ruwan ya yi launi mai ban sha'awa, mai kula da shi ya yi murna. A gaskiya yunwar haske yake kallo. Wani zai ce eriyar ma ai furotin ce, kifi kuma ba ya tambaya. Haka ne, kuma mai neman sinadarin launi kansa yana iya son duhun. Amma mai tace ruwa sauri yake nema, ya san dattin da aka cinye a yini, a nan kuwa tafki marar zurfi da yawan girbi sun fi ruwa mai duhun launi.

Akwai suka guda uku da ya kamata a amsa. Na farko, cewa layin saman nan tarkacen farfasawa ne kawai. Amsar ita ce an yi wa sabon furotin alama da wani sinadari, aka ga alamar ta fara bayyana a layin sama kafin ta gangara cikin jakunkunan. Tarkace ba ya bin jeri haka. Na biyu, cewa injin tantance furotin ya fi ƙarfin aljihunmu. Gaskiya ne yana da tsada, sai dai an riga an yi mana aikin mai tsada. Na'urar auna haske ta ɗakin gwaji, muddin tana kaiwa nanomita 900, ta isa ta nuna tsayin 800 da 850 a kan 875, wannan kuwa shi ne awon LH2 a kan LH1. Aiki ne da ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko a cibiyar kimiyya ta Sheda a Kwali, ko a hukumar fasahar halittu ta ƙasa da ke Lugbe, zai iya yi kowace safiya.

Suka na uku ya fi nauyi, kuma ban kore shi ba: ruwan matatar Wupa ko laka daga tafkin Jabi ba jinsi guda za su ba mu ba. Rhodospirillum rubrum ba shi da LH2 ko kaɗan, Blastochloris viridis kuma yana kama haske ne a sama da nanomita 1000, inda awon da na ambata ba zai gan shi ba. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗebo ruwan, a rene shi a ƙarƙashin hasken infrared cikin kwalba rufaffiya, a san jinsin da ya rinjaya, sannan a dogara da awon.