Rabon Aiki a Wasan Yaƙi na Kan Tebur: Me Ya Sa Ake Mantawa da Ɗan Tsaro?

 

Iƙirarina shi ne, a wasan yaƙi na ƙungiya, wanda ake yi da ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur, rabon aiki ne ke kawo nasara fiye da ƙwarewar mutum ɗaya, kuma masu shirya gasa sun daɗe suna yaba wa wanda bai kamata ba.

Mu duba tsarin gasar ƙungiyoyi ta duniya ta Warhammer 40,000, wadda ake kira WTC. Kowace ƙasa na zuwa da 'yan wasa 8, kuma ba a yarda biyu su riƙe runduna iri ɗaya ba. Kowane wasa maki 20 ne ake rabawa tsakanin mutum biyu, wato 160 ke nan a zagaye guda. Idan tazarar makin da aka ci a cikin wasan ba ta wuce 5 ba, 10 da 10 ake rabawa, kuma sai ta haura 50 kafin mutum ya kwashe 20 gaba ɗaya. Tun kafin a jefa ɗan lido ko sau ɗaya, kyaftin biyu sun zauna zaɓen wa zai kara da wa. Kowanne zai kifa katin ɗan tsaronsa, a buɗe tare, sannan ya miƙa wa ɗan tsaron abokin hamayya mahara biyu, shi kuma ya zaɓi ɗaya. Mutum 8 da mutum 8 haɗuwa 64 ce mai yiwuwa, kuma duk ƙungiyar da ta san abin da take yi tana zuwa da jadawali mai gida 64, kowane gida da hasashen makin da za a samu.

To ku lura da ɗan tsaro. Shi ake turawa gaba bai san wa zai zo masa ba, sau da yawa kuma rundunar da kowa ke gudu ita ake jefo masa. A ce jadawali ya nuna zai sha kashi 4 da 16. Ya ja sojojinsa bayan kangon gini, ya ƙi fitowa fili, ya riƙa tsintar maki ɗai-ɗai har aka tashi 8 da 12. Maki 4 ya ƙara wa ƙungiya, daidai da gwanin da aka sa wa ran 14 ya kawo 18. Har ma ya fi shi, domin ya cinye wa abokan hamayya gwarzonsu a wasan da bai haifar musu da abin kirki ba, ya kuma bar wa 'yan uwansa 7 karawa mai sauƙi. Amma idan aka zo raba kyauta a yawancin gasannin ƙungiya, sai a lissafa makin kowa shi kaɗai a ɗaga hannun mai yawa. Tura ta kai bango a kan wannan. Wanda ya shirya gasar ƙungiya ya kuma auna ta da ma'aunin mutum ɗaya bai karanta dokar da ya raba wa mutane ba, kuma sakamakonsa a bayyane yake: sabon ɗan wasa ba ya son a ba shi tsaro.

Matsala ta biyu tana kan babban tebur, inda mutum uku ko huɗu ke riƙe da ɓangare ɗaya. A nan ƙwararre ɗaya ne ke miƙa hannu yana matsar wa kowa dakarunsa, sauran kuwa sun koma 'yan jefa ɗan lido. An magance wannan tun 1824, lokacin da wani hafsan soja, Reisswitz ƙarami, ya gabatar da wasan yaƙi na Kriegsspiel ga Janar von Müffling, shugaban hafsoshin Purushiya. A tsarinsa, umarni a rubuce ake ba alƙalin wasa, kowane motsi yana matsayin minti 2, kuma kwamandoji biyu na ɓangare ɗaya da ke nesa da juna ba su magana sai ta saƙo, wanda alƙali zai riƙe har lokacin da ɗan aike a kan doki zai isa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 18 ga Yuni 1815, kwamandan sojan Faransa Grouchy na riƙe da mutum kusan 33,000 yana jin ƙarar igwa daga filin yaƙin Waterloo, ya ci gaba da bin umarnin da ke hannunsa zuwa Wavre maimakon ya nufi wurin yaƙin. Teburin da kowa ke jin kowa ba zai taɓa haifar da irin wannan ba, alhali ita ce ainihin wahalar jagorancin runduna.

Za a ce hana magana na rage daɗin wasa. Wataƙila, ga mai yawan maganar.

Abin da nake nema daga masu shirya gasa bai da tsada. A ba ƙungiya minti 10 ta tsara shirinta kafin a fara, babban kwamanda ya riƙe dakarun ajiya kawai, bayan haka kuma saƙo ya zama a rubuce, ya isa a motsi na gaba. A gasar mutum 8 kuwa, kyaftin ya miƙa jadawalinsa a rufe kafin zagaye, a auna kowa da tazarar da ke tsakanin hasashe da abin da ya kawo. Kyaftin na iya rage hasashe da gangan don ya ɗaga 'yan wasansa, na sani, shi ya sa nake ba da shawarar a ɗauki matsakaicin jadawalin ƙungiyoyin biyu.