In kan dabba ya juya, a fara duba jikinta

Sau da yawa mutum yakan zo wurinmu ya ce ɗan tunkiyarshi ya samu ciwon kai: ya bar shan nono, wuya ya sandare, yana kallon sama, wani lokaci ya faɗi yana shure-shure. Sai a yi ta shafa mashi mai a ka, wasu har lalas suke yi mashi. Ni kam in an kawo mani irinshi, cibiya nake fara dubawa.

Ga dalili. Masana sun daɗe suna gwada wannan abu a kan kusu, wato ɓera. Sukan ɗauki dafin da ke jikin ɓawon wasu ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ke cikin kashin dabbobi, su yi ma kusu allurarsa a ciki. Ba su taɓa kanshi ba ko kaɗan. Cikin ƴan awoyi sai ya lafe a lungu, ya bar ci, ya bar kula ƴan'uwanshi. In an duba ƙwaƙwalwarshi sai a tarar ƙwayoyin da ke gadinta sun tashi, suna zuba abin da ke kawo kumburi, alhali ba wata ƙwayar cuta mai rai da ta shiga can. Labarin ciwon ne ya kai gare ta, ta hanyar jini da ta wata jijiya da ta haɗa ciki da kai.

A 2007 wasu masana a Amurka suka yi ma kusa allurar nan sau ɗaya tak. Jini da hanta suka lafa cikin kamar mako guda, amma alamar kumburi ta zauna a ƙwaƙwalwa har wata 10. An kuma gano tsohon kusu ya fi saurayi jigata. Tun 1988 wani likitan dabbobi can Amurka, Benjamin Hart, ya bayyana cewa kwanciya da ƙin ci da dabba ke yi in tana masassara, dabara ce ta jiki don ya tara ƙarfin yaƙi da cuta.

To, kusu ba tunkiya ba ne, na sani. Amma abin da muke gani a garke bai yi nisa da wannan ba. Saniyar da mabiyiya ta ruɓe mata a ciki, ko akuyar da hantsarta ta kumbura ta yi baƙi, za ka ga ta sunkuyar da kai, ta bar tuƙa, tana tangaɗi. Ga jariri abin ya fi muni, don shi ƙwayar cutar ce da kanta ke shiga ta ɗanyar cibiya, ta bi jini, ta sauka a gwiwa, daga nan ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa. In an kai nan, da wuya mu ceto shi.

Saboda haka jariri ya sha dakashi ya ƙoshi cikin awa 6 na farko, kada a tatse a zubar. A tsoma cibiyarshi cikin maganin iyodi, wurin haihuwa kuma ya zama busasshe, ba kan taki ba. In mabiyiya ta kwana ba ta faɗi ba, kada a ja ta da ƙarfi, a kira ma'aikacin kiwo. Dabbar da aka auna da sassafe zafinta ya wuce 40, a kai ta inuwa, a ba ta ruwa, a nemi inda ciwon yake. In an fara allura a cika kwanakinta, ko da ta miƙe tana ci.

Sai abu ɗaya, don Allah ku riƙe shi. Dabbar da kanta ya juya tana zubar da yawu, musamman in kare ya taɓa cizon ta, kada kowa ya sa hannu a bakinta. Haukan kare na iya zuwa da irin wannan kama. A ɗaure ta nesa da yara, a aiko mana a ranar.